Naushad Ali: Makaɗin Da Muka San Kiɗansa Ba Mu San Sunansa Ba

Da wuya a sami ɗan garinmu da ya yi ƙuruciya tsakanin shekarun 1960 da 1980 bai kalli fim ɗin Mother India na 1957 ba, ko a sinima idan ya shiga birni, ko daga baya a kaset ɗin bidiyo. Mun haddace sunayen 'yan wasan, su Nargis da Sunil Dutt, amma ƙalilan ne cikinmu suka san wanda ya tsara kiɗan, wato marigayi Naushad Ali.

An haife shi a birnin Laknau na arewacin Indiya cikin watan Disamba na 1919. Mahaifinsa akawun kotu ne, Musulmi mai ƙyamar sana'ar kiɗa, lamarin da ba baƙo ba ne a wurinmu. A zamanin finafinai ba su da magana, sai masu sinima su ɗauki makaɗa su zauna gaban allo suna bin abin da ake nunawa da kiɗa. Nan ne makarantar yaron, inda ya koyi irin sautin da ke dacewa da kuka da wanda ke dacewa da faɗa.

A 1937 ya bar gida ya nufi Bambai, har ya sha kwana a bakin titi. Ya yi yaron gida a hannun makaɗi Khemchand Prakash, sannan a 1940 aka ba shi fim nasa na kansa, Prem Nagar. Rattan na 1944 ne ya fito da shi. Ana ba da labarin cewa da zai yi aure, surukansa tela aka ce musu shi ne, alhali kiɗan Rattan ɗin makaɗan bikin ke bugawa.

A ganinmu, abin da ya fifita shi kan tsararsa shi ne bai bar kiɗan gida a gida ba. Waƙoƙin biki da na kaka na ƙauyukan yankinsu, su ya ɗauko ya ɗora wa manyan makaɗan birni, marubuci Shakeel Badayuni na sa baitoci, Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar na rerawa. A Baiju Bawra na 1952 ya gina waƙoƙin bisa tsarin kiɗan gargajiya da suke kira raga, wanda ake ganin talaka ba zai fahimta ba. Talakan kuwa suka cika sinima, fim ɗin ya jawo masa kyautar Filmfare ta farko da aka ba mai tsara kiɗa, a 1954. Bai kuma ƙi kayan Turawa ba, domin a fim ɗin Aan makaɗa ɗari ya tara.

Mughal-e-Azam na 1960 shi ne ƙololuwa. Da ya rasa na'urar da za ta ba shi amsa-kuwwa irin ta fada, sai ya sa Lata ta yi waƙar a banɗakin ɗakin ɗaukar murya. Shi ne kuma ya nemi babban mawaƙin gargajiya Bade Ghulam Ali Khan, wanda ya raina fim, har ya yanka rupi 25,000 kan kowace waƙa don a rabu da shi. Darakta K. Asif ya biya.

Daga ƙarshen shekarun 1960 yayi ya juya, aiki ya ragu masa. Duk da haka ya karɓi lambar Dadasaheb Phalke ta 1981, ya kuma tsara kiɗan shirin talbijin The Sword of Tipu Sultan a 1990. Cikin waɗannan shekaru ne finafinan Hausa na bidiyo suka taso a Kano, suka ari rawa da waƙa daga Indiya, sai dai fiyano guda ce ke yin aikin makaɗa ɗarin nan, kalangu da kukuma kuwa ba kasafai aka gayyace su ba.

Fim ɗinsa na ƙarshe da ya fito yana raye shi ne Taj Mahal na 2005. Ya rasu a Mumbai, tsohuwar Bambai, ranar 5 ga Mayu, 2006. Allah ya jiƙansa.