Tarihin Kira ta Intanet: Daga Kwamfuta Zuwa Wayar Hannu

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda muryar ɗan Adam ta bar layin tarho ta koma bin intanet, da dalilin da ya sa abin bai game duniya ba sai da ya shiga wayar hannu.

A tsarin tarho na da, idan mutum biyu za su yi magana sai a keɓe musu layi sukutum har su gama. Shi ya sa ake biyan kuɗi gwargwadon daɗewar magana da nisan wuri. Sabuwar dabarar kuwa ita ce a mai da murya alƙaluma, a gutsuttsura ta, a aika ta tare da sauran saƙonni, can a sake harhaɗa ta. An gwada haka a Amurka tun 1974 a kan ARPANET. A 1995 kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fito da Internet Phone, sa'an nan Skype ya bayyana a 2003. Amma duk waɗannan sai mai kwamfuta.

Al'amarin ya sake salo da zuwan wayoyi masu ɗaukar manhaja. A 2009 Skype ya shiga iPhone, amma ta Wi-Fi kawai, domin kamfanonin waya suna tsoron asarar kuɗin kira. Viber ya biyo baya a 2010, WhatsApp kuwa ya fara kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016. Nasarar waɗannan biyun ita ce sun ɗauki lambar wayar mutum a matsayin sunansa, ba sai ya buɗe wani asusu ba. Skype da ya yi musu jagora, Microsoft ta saye shi a 2011, ta rufe shi a 2025.

Ba a rasa turjiya ba. Maroko ta toshe irin wannan kira a farkon 2016, ta buɗe kafin shekarar ta ƙare. A Nijeriya kuwa, zuwan GSM a 2001 da fara aikin igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 a 2010 su ne suka share fage.

A ƙarshe muna iya cewa nisa ya fita daga lissafin kuɗin magana, har Bakano ya kira ɗan'uwansa a Kumasi kamar yana maƙwabtaka. Sai dai zumuncinmu yanzu ya rataya ne a kan kamfanonin ƙetare, waɗanda, kamar yadda ƙarshen Skype ya nuna mana, suna iya rufe ƙofa ran da suka ga dama.