Ɗalibin Da Ya Ce Zuciyarsa Na Jeji

 Tarihin wannan mako zai kai mu Amurka, shekara kusan 190 baya, wurin wani ɗalibi da ya bar jami'a da manyan maganganu a bakinsa, sannan ya shafe sauran rayuwarsa yana ƙoƙarin cika su.

A wancan zamani akwai wata al'ada a Jami'ar Harvard: duk ɗalibin da zai fita sai ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa a littafin ajinsu. A 1837 wani saurayi ɗan garin Concord, mai suna David Henry Thoreau, ya rubuta nasa. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, shekara 4 ɗin nan gangar jikinsa ce kawai a makaranta, zuciyarsa na can garinsu, kuma lokacin da ya kamata ya ba littafi ya ƙarar da shi ne wajen yawo a dazuzzuka da bakin koguna. Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin kwanan ɗalibai ya san irin wannan magana. Rabinta gaskiya ce, rabinta cika baki. Bayanan jami'ar sun nuna ba rago ba ne. Ya karanta Girkanci da Latin da Faransanci da Italiyanci da Jamusanci, ya yi ta aron littattafai a laburare, kuma makinsa ya kai a ba shi damar yin jawabi a bikin yaye su. Amma da aka ce ya faɗi ko shi wane ne, sai ya zaɓi ya ce shi ɗan jeji ne.

An haife shi ranar 12 ga Yuli, 1817. Mahaifinsa fensir yake ƙerawa, mahaifiyarsa kuma tana saukar da baƙi 'yan haya a gida. Da ya shiga Harvard a 1833 yana ɗan shekara 16, karo-karo aka yi masa: yayyensa biyu, Helen da John, sun sa hannu daga albashin koyarwa, iyayensa mata na dangi ma sun taimaka. Ana ba da labarin cewa dokar makaranta ta ce a sa baƙar kwat, shi kuwa koriya yake sawa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin tawaye. Mu dai mun fi zaton ita ce kwat ɗin da ke gare shi.

A shekararsa ta ƙarshe ya ari wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Nature, wanda Ralph Waldo Emerson ya fitar a 1836, ya mayar, ya sake aro. Emerson ya girme shi da shekara 14, tsohon limamin coci ne da ya ajiye aikin, kuma a Concord yake zaune. Littafin na cewa mutum bai kamata ya tsaya ga abin da magabata suka gani suka ba da labari ba, ya fita ya dubi halitta da idonsa, domin itace da ruwa da taurari suna da abin da za su gaya wa ruhinsa kai tsaye. A kunnen saurayin da ya riga ya fi son daji a kan aji, wannan ya zama kamar an ba shi izini.

Ranar 30 ga Agusta, 1837, aka yi bikin yaye su. Shekarar ta zo da mugun karayar tattalin arziki, bankuna sun daina biyan mutane da tsabar zinariya da azurfa tun watan Mayu, aiki ya yi wuya. An ba shi da wasu ɗalibai biyu batun ruhin kasuwanci na zamani su tattauna. Da ya miƙe, sai ya ce a juya tsarin mako: mutum ya nemi abinci kwana 1, ya bar kwana 6 don yawo a cikin halitta da ciyar da zuciyarsa. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Da ya koma gida, abubuwa uku suka faru cikin 'yan makonni. Ya juya sunansa, daga David Henry ya koma Henry David, ba tare da ya je kotu ba. David sunan ƙanin mahaifinsa ne da ya rasu, Henry kuwa shi ake kiransa da shi a gida. Mutanen gari ba su ji daɗi ba, wasu har ƙarshen rayuwarsa da tsohon sunan suke kiransa. Sannan ya sami aikin koyarwa a makarantar gari, a shekarar da masu digiri ke yawo ba aiki. Bai wuce mako 2 ba wani ɗan kwamitin makaranta ya leƙo, ya ce ajin ya yi hayaniya, dole a riƙa duka. Thoreau ya ɗauki rula ya doki wasu yara, ranar kuma ya ajiye aikin. Ba ma ganin wannan a matsayin jarumta tsantsa, don yaran da suka sha duka ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Na ukun shi ya fi shafar mu. Ranar 22 ga Oktoba, 1837, ya buɗe littafi ya fara rubuta dayari, kuma shafin farko ya nuna wani ne ya tambaye shi ko yana ajiye irin wannan kundi. Masana sun fi karkata ga cewa Emerson ne mai tambayar. Bai daina ba sai 1861, kalmomi kusan miliyan 2.

Duniya ta san Thoreau a matsayin mutumin da ya ƙaurace wa jama'a ya tare a bukka shi kaɗai. Wannan hoto ya yi wa tarihinsa kwaskwarima da yawa. Idan muka bi sawunsa daga jami'a zuwa bukkar, duk inda muka taka sai mun tarar da aboki.

Tunanin bukkar ma ba daga kansa ya faro ba. Charles Stearns Wheeler, wanda suka yi zaman ɗaki ɗaya a Harvard, shi ya fara gina 'yar bukka a bakin wani tafki a garin Lincoln don ya sami wurin karatu da hutu a arha, kuma Thoreau ya je ya yi makonni tare da shi. Wheeler ya tafi Jamus ƙaro ilimi, ya rasu a Leipzig a 1843.

Amma babban amininsa wansa ne, John. Tare suka gudanar da makaranta tasu daga 1838 zuwa 1841, ba bulala, kuma sukan fita da yara daji da kogi a matsayin darasi. Tare suka sassaƙa kwalekwale, suka shiga ranar 31 ga Agusta, 1839, suka bi kogin Concord zuwa kogin Merrimack, tafiyar mako 2. Tare kuma suka kamu da son yarinya ɗaya, Ellen Sewall. A 1840 John ya nemi aurenta, bai samu ba. Henry ya aika tasa wasiƙar, shi ma bai samu ba. Duk da haka zumuncinsu bai tsinke ba. A farkon Janairu 1842 John yana wasa askarsa sai ya ɗan yanke yatsa. Ciwon da ba a ɗauke shi bakin komai ba ya zama tetanus, cutar da ke sa haƙora su sarƙe. Ya rasu ranar 11 ga wata a hannun ƙaninsa. Kwanaki kaɗan bayan haka Henry ya fara nuna alamun cutar iri ɗaya alhali ba shi da rauni ko ɗaya, har gida suka fara fid da rai, kafin abin ya sake shi. A ƙarshen watan kuma ɗan Emerson mai shekara 5 ya rasu.

Daga nan ne son dajin da ya fara a matsayin ra'ayin ɗalibi ya koma wani abu mai nauyi. Yana son ya rubuta littafi a kan tafiyar kwalekwalen nan, kuma yana buƙatar wurin da zai zauna ya yi. Gidansu cike yake da 'yan haya. A gari kuma sunansa ya ɓaci, don a Afrilu 1844 shi da wani abokinsa sun hura wuta za su dafa kifi, ta kuɓuce musu ta cinye daji kusan eka 300. Mai wa'azin son itatuwa ya zama mai ƙona su, kuma mutanen Concord ba su manta ba.

Filin da ya gina bukkarsa a bakin tafkin Walden na Emerson ne. Gatarin da ya sare itatuwa da shi aro ya yi. Ranar ɗaga ginin abokai ne suka zo suka kama masa. Ɗakin ƙafa 10 ne da ƙafa 15, ya ci dala 28 da 'yan kai. Ya tare ranar 4 ga Yuli, 1845, ya tashi ranar 6 ga Satumba, 1847. Wurin bai fi kilomita 3 daga tsakiyar gari ba, jirgin ƙasa na wucewa ta gefen tafkin, yakan shiga gari a kai a kai, baƙi kuma na zuwa masa. A ɗaya daga cikin shigarsa gari ne a Yuli 1846 aka kulle shi kwana 1 saboda ƙin biyan haraji, don nuna adawa da bautar da bayi da kuma yaƙin da Amurka ke yi da Mekziko. Nan ya gwada lissafin nan na ranar bikin yaye su, ya kuma ba da rahoton cewa aikin kusan mako 6 a shekara ya ishe shi ci da sha. Mako 6 cikin 52 bai yi nisa da kwana 1 cikin 7 ba. Sai dai a tuna ba mata, ba 'ya'ya, ba kuɗin hayar fili.

Littafin da ya je rubutawa ya fito a 1849 da sunan A Week on the Concord and Merrimack Rivers. Ya matse tafiyar mako 2 ta koma mako 1, kowace rana babi guda. Babin Laraba na ɗauke da doguwar maƙala a kan abota, inda ya ɗora wa aboki nauyin da da wuya ɗan adam ya iya ɗauka. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, tun daga farkon littafin har ƙarshe bai ambaci sunan John ba. "Mu" kawai yake cewa.

Yanzu ga ɓangaren da da yawa daga cikinmu za su gane ba sai an yi dogon bayani ba. Masu ɗab'i sun ƙi ɗaukar nauyin littafin. Emerson ya ƙarfafa masa gwiwa ya fitar da shi a kan cewa asara tasa ce. Aka buga kwafi 1,000. Kasuwa ta ƙi. Waɗanda aka sayar ɗan sama da 200 ne, aka yi kyauta da wasu, shi kuma ya shafe shekaru yana biyan bashin dala 290 da kuɗin fensir da na awon filaye. A Oktoba 1853 aka dawo masa da kwafi 706 a keken doki, ya yi ta ɗaukarsu a baya yana hawa bene zuwa ɗakinsa. Daren ya yi wa kansa ba'a a dayari, cewa yanzu yana da babban laburare wanda mafi yawansa shi ya rubuta. Duk wanda a cikinmu ya taɓa tura katan ɗin littafinsa ƙarƙashin gado ya san irin wannan dariyar.

Abin da ya fi bashin ciwo shi ne sanyin da ya shiga tsakaninsa da Emerson. Thoreau ya zauna a gidansa daga 1841 zuwa 1843 yana masa aikace-aikace, ya sake komawa a 1847 ya kula da iyalinsa lokacin da ya tafi Ingila. Mutane na yi masa ba'a cewa ya kwaikwayi Emerson har a murya da tafiya. Ga mutumin da ya canza sunansa don ya zama kansa, wannan ba ƙaramin zagi ba ne. Da littafin ya faɗi, Thoreau ya ji cewa wanda ya yabe shi kafin a buga shi ne ya koma neman aibinsa bayan an buga. Emerson kuma na ganin yaron da ya ɗora wa buri ya tsaya ƙirga furanni da gardama. Kowannensu ya kai ƙarar ɗan uwansa wurin dayarinsa, shafi bayan shafi, suna kuma ci gaba da gaisawa da ziyartar juna a gari ɗaya. Ba su rabu ba, ba su kuma koma kamar da ba.

Walden ya fito a Agusta 1854, bayan ya sake rubuta shi har sau 7. Daga maganar da ya rubuta a littafin aji zuwa wannan rana shekara 17 ke nan. Kwafi 2,000 aka buga, kuma sai da aka yi shekara 5 kafin su ƙare.

Tarin fuka ya kashe shi ranar 6 ga Mayu, 1862, yana da shekara 44. Emerson ne ya yi jawabi a wurin jana'izar. Ya yabe shi sosai, amma ko a gaban gawar bai iya haɗiye ƙorafinsa ba: ya ce marigayin ba shi da buri, mutumin da ya isa ya jagoranci Amurka baki ɗaya ya ƙare a jagoran masu tsinkar 'ya'yan itace a jeji. Ƙanwarsa Sophia ce ta adana kundayen dayarin, aka buga su a 1906 cikin juzu'i 14. A shekarun 1850 Thoreau ya riƙa rubuta ranar da kowane fure ya fara buɗewa a Concord, shekara bayan shekara, irin aikin da Emerson ke gani ɓata lokaci ne. Bayan shekara 150, Richard Primack na Jami'ar Boston da ɗalibansa sun ɗauki waɗannan ranaku suka gwada da na yanzu, suka tarar furanni da yawa a Concord na buɗewa da wuri fiye da zamaninsa, saboda ɗumamar yanayi.