Man Kifin Shak da Kwale-kwalen Alhazai: Yadda Kakanninmu Suka Ƙetare Bahar Maliya

Yau na ɗan jingine labarin soyayyar da muka saba, domin in biya wani bashi da ke kaina tun ina yaro.

A zauren gidanmu da ke Ƙofar Doka na taso na iske kakana, Allah Ya jiƙansa, yana ajiye da wani haƙori mai kusurwa uku a cikin gafakarsa, gefensa da tsini-tsini kamar zarto. In muka dame shi da tambaya sai ya ce, "Na kifin da ya raka mu Makka ne." Mu kuwa da ba mu san wani ruwa ba sai Kubanni da Galma, mu yi ta dariya, don a saninmu kifi ba ya wuce tarwaɗa da ƙarfasa. Sai da na girma na shiga karance-karance na gane ashe tsohon nan tarihi yake ba mu muna ɗauka tatsuniya ce.

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazanmu a shekarun 1950, talaka da ƙafa yake zuwa hajji. Masu hali ƙalilan ne ke shiga jirgin ruwan Turawa, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi hajji a 1921 ta hanyar Ingila. Sauran jama'a kuwa sai su bi Kano da Maiduguri, su ratsa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su wuce Abeshe da Alfashir har Al'ubayyid, inda layin dogo yake. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, mutanenmu suka cika Sudan, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama wurin neman guzuri. Kakana ya bar Zariya a shekarun 1930, ya yi ta tsintar auduga a can har ya tara abin da zai kai shi gaɓar teku.

To a nan ake yin ta. Tsakanin gaɓar Sudan da Jidda akwai ruwa kusan kilomita 300. Tsohuwar tashar alhazai ita ce Sawakin, garin da aka gina gidajensa da duwatsun murjani, wanda ya fara mutuwa bayan Turawan Ingila sun gina Bur Sudan tun daga 1905. A Sawakin hukuma kan killace mahajjaci, a yi masa lamba, a nemi takardu da kuɗin jirgi mai inji. Wanda ba shi da hali sai ya sulale cikin dare ya nemi sambuk, wato kwale-kwalen katako da ba ya da inji, iska ce kawai ke tura babban ƙyallen da aka ɗaura masa a kan doguwar sanda. Wasu ma sai sun gangara Masawa, a ƙasar Eritiriya da Italiya ke mulki a lokacin. Irin wannan kwale-kwale kan sauke mutane a kudu da Jidda, wajejen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa da ƙafa.

Kakana ya ce kwanaki ya yi yana taya masu sambuk aiki a madadin wani kaso na kuɗin ƙetarawa. Sukan jawo kwale-kwalen zuwa bakin yashi su kishingiɗar da shi, su kankare ƙwarin ruwan da suka manne masa, su cusa auduga a tsakanin katakai, sannan su dama farar ƙasa da kitse su shafe ƙasansa saboda tsutsar da ke huda katako. Sama kuwa, inda rana ke dukansa, sai su shafe shi da wani mai wanda kakana ya ce warinsa ya fi na jima. Man hantar kifin shak ne, wanda Larabawa ke kira ƙirshi. Masunta kan kamo shi da ƙugiya mai kauri, su fede hantar su narkar, naman kuma a barbaɗa gishiri a shanya. A wurin irin wannan fiɗa ya tsinci haƙorin nan.

Ba sabon abu ba ne. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, wanda ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya ba da labarin kwale-kwalen da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, ɗinke su ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a shafe su da man wannan kifi, ya kuma koka da yadda masu su ke cusa alhazai fiye da kima saboda kwaɗayin kuɗi. Wato fiye da shekara 700 tsakaninsa da kakana, amma kukan guda ne.

Abin da ya fi tsaya wa tsohon a rai shi ne ranar da iska ta ɗauke. Ya ce ƙyallen ya saki kamar wanki, ruwan sha ya koma kurɓi ɗaya safe ɗaya yamma, ga duwatsun murjani a ƙarƙashi masu iya farke cikin jirgi, ga ƙayar bayan kifin nan tana yanka ruwa tana kewaye su. Wani dattijo Bakatsine da suka taso tare tun daga Jazira ya cika a daren. Suka yi masa sallah a tsaye a matse, suka saka shi a ruwa, matuƙin ya ce kowa ya kau da kai. Duk lokacin da kakana ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, can ya ce, "Ikon Allah, abin da muke tsoro a waje, shi ne mansa ke riƙe da katakon da muke zaune a kai."

Shekara bakwai ya yi kafin ya sake shigowa ta Ƙofar Doka, ya tarar har an raba ɗan abin da ya bari. Shi ya dawo ke nan. Da yawa sun zauna a Sudan da Hijaz, jikokinsu na can ana kiransu Takari ko Fallata, wasu kuma ba su da kabari sai Bahar Maliya, danginsu a nan ba su ma san ranar da za su yi musu sadaka ba.

Yau maniyyaci kan tashi daga Kano ko Kaduna bayan azahar ya kwana a ƙasa mai tsarki, kuma wannan ni'ima ce abar godiya. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu marubuta mun cika kasuwa da labaran ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, muka bar irin wannan a zaurukanmu har masu shi suka ƙare. Haƙorin nan ma ya ɓace a wani gyaran gida da aka yi, ban kuma taɓa ɗaukar muryar kakana a kaset ba. In akwai sauran tsoho a gidanku da ya ji irin wannan daga bakin mahaifinsa, don Allah a ɗauki biro a zauna gabansa tun da sauran rana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka isa da waɗanda ruwa ya riƙe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.