Gangar jiki da manhaja: Yadda ake gane inda matsalar kwamfuta take

Kowace kwamfuta, tun daga ta tebur da ke ofishin albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma har zuwa na'urar POS da ke hannun mai shago a Kwanar Dangora, abu biyu ne suka haɗu suka yi ta. Na farko shi ne gangar jiki, wato duk abin da hannu zai iya taɓawa: fuskar kwamfuta, allon rubutu, batir, fanka, masarrafa da ke yin lissafi, da ma'adanar da bayanai ke zama a cikinta. Masu gyara suna kiran wannan ɓangare hadwaya. Na biyu shi ne manhaja, wadda suke kira sofwaya, wato jerin umarnin da aka rubuta domin gaya wa gangar jiki abin da za ta yi, mataki bayan mataki. Windows da Android da Excel da WhatsApp duk manhajoji ne.

Gangar jiki daga ƙasa ake haƙo asalinta. Masarrafa daga silikon ake yin ta, wayoyin ciki na tagulla ne, kuma abin da ake liƙe ƙananan sassa da shi a kan allon na'ura mafi yawansa kuza ne, ma'adinin da Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, ta daɗe da yin suna a kansa. Saboda haka tana tsufa kamar kowane kaya. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin bazara kan gajiyar da batir, wutar da ta zo da ƙarfi fiye da kima kan ƙona caja ko allon ciki. Idan sashe ya mutu, sai an sayo wani, an biya kuɗin mota, an jira.

Manhaja ba ta ƙonewa, ba ta tsatsa, kuma ana iya kwafarta sau dubu ba tare da ta ragu ba. Illolinta daban ne: kuskuren wanda ya rubuta ta, ƙwayar cutar kwamfuta, ko kuma kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita. Iri uku ne aka fi cin karo da su. Akwai babbar manhaja, irin su Windows da Linux da Android, wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Akwai manhajojin aiki da ake ɗorawa a kanta, kamar na rubutu da lissafi da na banki. Sai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune cikin allon na'ura tun daga masana'anta, ita ce ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta, ta duba sassa, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja.

A farkon zamanin kwamfuta ba a cika sayar da manhaja daban ba, tare da na'ura take zuwa. A shekarar 1969 ne kamfanin IBM na Amurka ya fara raba farashin biyun, kuma wannan mataki yana cikin abubuwan da suka mayar da manhaja haja mai zaman kanta.

Babu misalin da ya fi fito da bambancin fili kamar na zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. A rumfunan zaɓe na mazaɓun Kiru/Bebeji da Tudun Wada/Doguwa, kamar sauran sassan ƙasar nan, an yi amfani da na'urar BVAS wajen tantance masu zaɓe da zanen yatsa ko hoton fuska, sannan a ɗauki hoton takardar sakamako a tura shafin IReV na hukumar INEC. A ranar, sakamakon zaɓen 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga shafin daga sassa da dama, amma na shugaban ƙasa ya ƙi shiga na tsawon sa'o'i. Na'ura ɗaya ce, kyamara ɗaya, jami'i ɗaya. Da kyamarar ce ta lalace ko batir ya mutu, da babu takardar da za ta wuce. A rahoton da ta fitar a watan Fabrairun 2024, INEC ta ce matsalar daga tsarin manhajar da ke karɓar sakamakon take: an tsara ta ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin wata jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne, sai ta rasa inda za ta saka shi. Jam'iyyun adawa ba su gamsu da yadda lamarin ya gudana ba, kuma batun ya shiga cikin ƙararrakin da suka kai har Kotun Ƙoli. Ko ma wane ɓangare mutum yake, darasin fasaha a bayyane yake: kallon lafiyar na'urar da ke hannu ba ya nuna lafiyar manhajar da ke can nesa tana jiran saƙonta.

Irin haka ta faru da jarrabawar JAMB ta 2025. A ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amince cewa an samu kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wanda ya shafi ɗalibai 379,997, saboda ba a sabunta manhajar wasu manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi yadda ya kamata ba. Kwamfutocin da ɗaliban suka zauna a gabansu sun kunnu, sun nuna tambayoyi, amma makin da ya fito ba nasu ba ne, dole aka sake musu jarrabawar. Haka nan a ranar 19 ga Yulin 2024, wani gyaran manhaja da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika ya tsayar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Ko waya ɗaya ba ta ƙone ba.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci a Kano ta Kudu, sanin wannan bambanci batun aljihu ne. Wanda ke Riruwai, idan ya ɗauko kwamfuta zai kawo birni, tafiya ce ta sa'o'i ta cikin dajin Falgore, ga kuɗin mota, ga yini guda da ya tafi. Sau da yawa kuma abin da ya kawo shi gyaran minti goma ne da za a iya yi masa bayaninsa ta waya. Akwai alamomin da ke taimakawa. Idan kwamfuta ta ƙi kunnuwa sam, ko tana warin ƙuna, ko tana ƙara daga ciki, ko tana mutuwa da zarar ta yi zafi, ko wasu layuka sun bayyana a fuskarta tun kafin Windows ta buɗe, to akasari gangar jiki ce. Idan kuwa tana kunnuwa lafiya amma manhaja ɗaya ce ke maƙalewa, ko matsalar ta fara ne bayan an ɗora wani sabon abu, ko tallace-tallace na faɗowa ba gaira ba dalili, to a fara zargin manhaja. Nauyin aiki shi ne mai ruɗarwa, domin yana iya zuwa daga kowane ɓangare: ko ma'adana ta tsufa, ko kuma manhajoji sun yi yawa suna aiki a ɓoye.

Akwai kuma abu na uku da ake yawan ɗora wa na'ura laifinsa, wato sabis. Mai sayen shinkafa a kasuwar Tudun Wada da aka cire masa kuɗi amma takardar POS ta nuna ciniki bai faɗa ba, yawanci ba na'urar ce ta cuce shi ba. Saƙon ne ya yanke a hanya tsakanin na'urar da kamfanin da ya ba da ita da bankinsa, kuma banki ne wurin kai ƙorafi, tare da takardar.

Wajen saye ma akwai abin lura. Wanda ya sayi gangar jiki ya mallake ta, yana iya sayarwa ko bayarwa. Wanda ya sayi manhaja irin ta Microsoft, izinin amfani kawai ya saya, bisa sharuɗɗan kamfani. Kwafin sata da wasu ke ɗorawa kyauta a matsayin gyara ga mai sayen kwamfuta yakan zo da ƙwayoyin cuta, kuma ganganci ne a ajiye lissafin albashi ko bayanan banki a kansa, alhali akwai Linux da LibreOffice da doka ta yarda a ɗora su ba tare da biyan ko kwabo ba.

Abin da ya fi shafar masu sayen kwamfutocin gwanjo a kasuwanni irin su Farm Centre shi ne cewa Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗa a kan gangar jiki: tana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai masarrafa ta zubi na takwas zuwa sama. Kwamfuta na iya zama tsaf, batir da ƙarfi, allo ba ko ƙwarzane, amma ta gaza cika waɗannan sharuɗɗa. Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya sa a buɗe masa bayanan na'urar ya ga zubin masarrafar da idonsa. Idan kuma mai gyara ya ce sai an wanke kwamfuta an sake ɗora mata manhaja, a kwashe takardu da hotuna zuwa filashi ko wata ma'adana ta daban tukuna, domin wankin yakan tafi da duk abin da ke ciki.