MAI JEGO DA KUKAN DA BA A SAN DALILINSA BA

'Yan'uwana mata, akwai ciwon da ya daɗe yana cin iyayenmu a ƙuryar ɗaki ba mu ba shi suna ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse, sai ga ta zugum, ba ci ba barci, hawaye ba dalili. A yi ta cewa iska ne, ko sammun kishiya, ko kunyar ɗan fari.

Mu waiwaya baya. Kafin Shehu Usmanu ya bar Sifawa, kusa da Bodinga, ya koma Sakkwato a 1815, har zamanin kakanninmu, ba a barin mai jego ita kaɗai. Haihuwar fari gida ake tafiya. Ungozoma na kusa, ga wankan jego har arba'in, ga kunun kanwa. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ruwan zafi na jiki ne, amma zaman tsofaffi kusa da ita shi ke riƙe zuciya.

A Faransa, wani likita Marcé ya rubuta littafi kan taɓuwar hankalin masu ciki da masu jego a 1858. A 1987 likitoci a Edinbura suka fito da tambayoyi 10 na gano ciwon. Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe ciki sai su sauka gaba ɗaya. Ga rashin barci, ga talauci, ga miji ya tafi cin rani. Kukan kwanakin farko kan wuce. In ya haura mako 2, ciwo ne, kuma yana jin magani.

Na ga wata ƙanwata a Shagari ta yi wata uku ba ta son kallon jaririnta. Kowa cewa yake kunya ce, ashe mutuwa take roƙo. Sai da inna ta zaunar da ita ta ce, "Ɗiyata, mi ad damuwarki?" sannan aka kai ta asibiti. Yau ɗan yana makaranta.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma a 2023 Najeriya ta maye dokar mahaukata ta 1958 da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma doka ba ta shiga ɗaki, mu ne masu shiga. In kin je barka, kada ki tsaya ga jariri kaɗai, dubi idon uwar. In ta ambaci kashe kanta ko cutar da ɗan, a kai ta asibiti ranar nan, a haɗa da addu'a.

Allah ya raya mana, ya ba iyaye lafiyar shayarwa, amin.