Gidan Babban Gwani: Tarihin Zuriyar Magina a Zazzau

A cikin birnin Zariya akwai wata unguwa da ake kira Babban Gwani. Yaran da suke wasa a lungunanta sun san sunan, amma ba dukansu suka san mai sunan ba. Shi magini ne, ya yi zamani a ƙarni na 19. Waɗansu suna kiransa Malam Mika'ilu, waɗansu kuwa Muhammadu Durugu, amma laƙabinsa ya danne sunayen duka. A yau in an ce kamfanin gine-gine na iyali, hankali yakan tafi wurin masu ofis da manyan motoci da injin kwaɓa kankare. Amma tun kafin buhun siminti na fari ya shigo ƙasar Hausa, akwai gidan da ya riƙe manyan ayyukan gini na Zazzau, daga uba zuwa ɗa, daga ɗa zuwa jika. Ba su da takardar rajista, ba su da allo a ƙofa. Jarinsu shi ne sanin da yake kansu, da hannuwan 'ya'yan gidan.

Zamanin Babban Gwani zamani ne na sababbin sarakuna. A shekara ta 1808 Malam Musa ya ci Zariya da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Sarki Makau ya fita ya nufi kudu. Sarakunan da suka biyo baya suna bukatar fada da masallaci da ɗakin shari'a waɗanda za su nuna cewa mulkinsu ya zauna. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora wa Malam Mika'ilu aikin gina Masallacin Jumma'a kusa da fada. Bisa ga labarin da aka gada, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi laƙabin Babban Gwani, wato gwanin da ya fi gwanaye.

Domin mai karatu ya gane girman wannan aiki, sai ya tuna da kayan da magini yake da su a lokacin. Ba ƙarfe, ba siminti, ba katako mai tsawo. Abin da yake akwai shi ne jar ƙasa, da ciyawa, da ruwa, da azara. Akan haƙo ƙasa, a zuba ruwa, a tattake ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Da ita ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yakan hau kan bango ya zauna kamar mahayin doki, yaransa suna jefa masa tubali da curin laka daga ƙasa, shi kuwa yana cafewa yana jerawa. Bangon yakan yi kauri a gindi, yana sirancewa sa'ad da yake hawa.

Wuyar aikin tana wurin rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Amma in an ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya ketare fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'ar gari? Amsar magina ita ce bakan gizo. Sukan dasa azara cikin bango ta wannan gefe da wancan, kowace tana zarce ta ƙarƙashinta kaɗan, a ɗaure da igiya, a yaɓe da laka, a jira ta bushe, sa'an nan a ƙara wata. Da haka hannuwan biyu suke tahowa a hankali har su gamu a tsakiya. In bakuna suka gicciye juna, sai a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu, a rufe da ƙasa, rufin ya tashi kamar ƙwarya a kife. Sauran magina sun san wannan dabara, amma Babban Gwani ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A cikin masallacin Zariya ya tsai da manyan ginshiƙai, ya sa bakuna suna tashi daga jikinsu kamar rassan kuka, ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi tun lakar tana ɗanya. Kewaye da babban ɗakin ya gina zauruka na shiga da wurin alwala da ɗakin shari'a.

Mutumin da ya yi irin wannan aiki ba ya rasa labarai a bayansa. Tsofaffi sukan ce da dare yake gini, shi kaɗai, gari ya waye a tarar bango ya tashi. Sukan ce kuma a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, gama sarkin garin ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, domin kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan gwanayen magina a ƙasashe da yawa, abin da yake nunawa kuwa shi ne yadda sarakuna suke kishin aikinsa. Abin da yake a fili shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bayan gwanin akwai 'yan'uwa da 'ya'ya da almajiran sana'a, akwai kuma bayi masu yawa da suka haƙa ƙasa, suka ɗebo ruwa, suka tattake laka. Tarihi ya riƙe sunan mutum ɗaya, nasu kuwa ya ɓace.

Sunansa ya wuce Zazzau. Ana danganta masa aiki a gidan Sarkin Kano da gidan Sarkin Bauchi. A Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauchi, akwai soron da aka gina wa Madakin Bauchi wajen 1860, har wa yau ana kiransa Babban Gwani. A 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta tsare.

Bayan rasuwarsa aikin bai fita daga gidan ba. Zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Magina na Zazzau. Wannan sarauta ba ta rawani kaɗai ba ce. In fada tana bukatar gyara, ko masallaci, ko ƙofar gari, Sarkin Magina ake kira, shi yake tara magina, ya raba musu aiki, ya duba abin da suka yi. In rigima ta tashi tsakanin magini da mai gida, gabansa ake kai ta. Yaro a gidan yakan fara da ɗaukar ruwa da miƙa tubali. In ya yi wayo a bar shi ya yi yaɓe, daga nan ya hau katanga, sai bayan shekaru masu yawa a yarda ya sa hannu a baka. Ba littafi, ba zane a takarda. Magini yakan shata harsashi a ƙasa da ƙafarsa, sauran awon yana cikin idonsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan barewan nan sai ya yi shekaru yana kallo kafin a sake shi.

Akwai wani sashe na aikin gidan wanda ba a cika ba da labarinsa ba, shi ne kuwa ya fi muhimmanci. Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace damina tana cin rabonta a jikin bango da rufi. Saboda haka in kaka ta wuce, magina sukan komo su duba tsaga, su share indararo, su sake yaɓe. Suna shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A kan rufi kuma suna sa laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashi daga majema, da ruwan dafara. Ta haka marini da majemi da magini suke cin abinci a hannun juna. Wanda kakansa ya ɗaura azarar wani soro ya san inda take, ya san inda ruwa yakan kwanta. Mai gida ba baƙo yake kira ba, yana kiran gidan da ya san ciwon ginin tun daga haihuwarsa.

Turawan Ingila suka shigo Zariya a 1902, bayan shekara kamar goma kuma jirgin ƙasa ya iso. Da shi kwanon rufi da siminti da katako suka fara zuwa, Sabon Gari ya tashi a bayan ganuwa da irin nasa gini. Duk da haka ginin ƙasa bai faɗi nan da nan ba. Hukumar En'e ta ci gaba da ba magina aiki, Turawa da kansu suka zauna a gidajen soro domin sanyinsu. A 1929, sa'ad da mishan ta C.M.S. ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, da ƙasa da azara magina Hausawa suka gina majami'ar Saint Bartholomew, da bakuna irin na ginin birni. Wanda ya shiga wannan majami'a ya ɗaga kai, zai ga sana'ar da ta rufe masallaci ita ce ta rufe ɗakin sujada. Wannan gādo na mutanen ƙasar ne duka.

Babban canji ya zo bayan samun mulkin kai a 1960. Gwamnati tana son makarantu da asibitoci da barikoki masu hawa, tana kuma ba da aiki ta hanyar kwangila, da takarda da zanen injiniya da lamunin banki. Wani irin gidan magina dabam ya taso, wanda jarinsa kuɗi ne. A Kano, 'ya'yan Alhasan Ɗantata, attajirin goro da gyaɗa wanda ya rasu a 1955, suka buɗe sashen gine-gine a kamfanin gidansu. A ƙarƙashin Aminu Ɗantata kamfanin ya sami aiki a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, a nan Zariya, garin Babban Gwani. Daga baya wani reshe na gidan ya haɗa hannu da Jamusawa suka kafa Dantata & Sawoe, masu gina hanyoyi. Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, mai hali duka ya koma bulo da kwano, gidan ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane. Magina da yawa suka koyi aikin birkila, 'ya'yansu suka tafi makaranta ko kasuwa. Sarautar ta rage, amma ayyukan da suke koya wa yaro ɗaurin baka suka yi ƙaranci.

A cikin shekarun nan ne aka gina sabon masallaci na kankare a Zariya. Aka lulluɓe babban ɗakin Babban Gwani a cikinsa, waɗansu sassa na kewaye kuwa suka tafi. Kafin wannan, wani masanin gine-gine mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna tsohon ginin, ya zana shi a takarda. Da wannan awo aka gina kwatancinsa a gidan kayan tarihi na Jos, da hannun magina na gargajiya, tare da kwatancin ganuwar Kano. Dmochowski ya rasu a 1982, littattafansa uku a kan gine-ginen gargajiya na Nijeriya suka fito a 1990. A ƙetaren iyaka kuma sana'ar ta nuna tana da sauran rai. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara wani masallacin ƙasa a 1962, jama'ar gari suna taimakonsa, a 1986 kuwa ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniya.

Ran Jumma'a, 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufta a kan masu salla. Aƙalla mutum 7 suka rasu, waɗansu da dama suka ji rauni. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya faɗa cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana kuwa shirin kiran masu gyara. Makoki ya game gari, Musulmi da Kirista. Ginin ya yi kusan shekara 190 yana tsaye, ya ga sarakunan Fulani, ya ga Turawa, ya ga soja da farar hula.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙarfin gidan Babban Gwani ba a cikin gwanintar mutum ɗaya kaɗai yake ba. Yana cikin wannan al'ada ta komowa kowace shekara, da tsoho a gaba yana nuna tsaga da sanda, yaro a baya yana ɗauke da ƙwaryar laka. Takarda tana iya adana awon gini, kamar yadda ta yi a Jos, amma ba ta iya hawa rufi bayan damina. A ƙauyuka da tsofaffin birane na arewa har yanzu akwai sauran soraye da zauruka da majami'u na ƙasa, akwai kuma sauran tsofaffi kaɗan da suka iya ɗaura baka. Kwanakin waɗannan gine-gine suna rataye a kan abu ɗaya, wato ko za a sami yaran da za su tsaya a gindin bango su miƙa wa tsofaffin nan tubali tun suna da ƙarfin hawa.