Bangaskiya da bencin baya: yadda gardamar ceto ta iso Kudancin Kaduna

Lokacin da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi a 1910, sun zo ne da koyarwar da ta raba Martin Luther da Roma bayan 1517: ceto kyauta ce daga Allah, ana karɓarsa ta bangaskiya ga Yesu kaɗai, aikin kirki ba ya sayensa. Madogararsu ita ce wasiƙar Bulus ga Afisawa, sura ta 2. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, ɗaliban makarantar Baibul ta Kagoro suka bazu da wannan wa'azi cikin ƙauyukan Ham da Bajju da Atyap.

Sai dai abin da sabon tuba ya tarar a bakin majami'a ya fi wa'azin tsauri. Kafin baftisma, sai ya bar burukutu, ya fita daga harkar dodo. Mai mata biyu kuwa ba a kai shi bakin rafi. Wanda ya faɗi bayan baftisma, dattawa su sa shi a horo: a hana shi Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya, jama'a na kallo, har ranar da za a sanar an mai da shi. A ƙasar da ba a gayya ko biki ko makoki sai da tulun giya a tsakiya, barin sha daidai yake da barin zaman dangi.

Fadan Katolika na ƙungiyar SMA sun sami gindin zama ne bayan jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa wajen 1927, ya kawo ma'aikata daga kudu. Tasu koyarwar ta taron Trent ce, ta 1547: alherin Allah ne farko, amma dole bangaskiya ta yi aiki cikin ƙauna, kamar yadda wasiƙar Yaƙub ta nuna a sura ta 2. Su kuma ba su hana sha ba, buguwa suka hana. Abin ya zo a juye: masu cewa ayyuka ba sa ceto su ne suka fi bin diddigin ayyukan mutum. Amsarsu dai ita ce, halin kirki shaidar tuba ne, ba farashinta ba.

ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, wadda aka kafa a taron Kagoro a 1954, ta gaji wa'azin da horon duka. Ɗan Kwoi, Byang Kato, wanda ya zama babban sakatarenta a 1967, ya yi ta jayayya da masu fassara ceto a matsayin 'yancin siyasa, har rasuwarsa a Mombasa a 1975.

A ɓangaren Katolika kuwa, Kafanchan ta sami bishop nata, Joseph Bagobiri, a 1995. A 1999, a Augsburg, Roma da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu cewa ceto ta alheri ne, kuma yana haifar da ayyuka nagari. ECWA ba ta cikin masu sa hannun.